Saifar Isiya da Shirun Gwaggo

Maɓalli ne ya faɗa cikin faranti. Ina tsintar shinkafa a ƙofar ɗaki, Isiya ya dawo daga Islamiyya ya durƙusa zai gaishe ni, sai na ji ƙaras a farantin silba da ke gabana. Maɓallin rigarsa ne na ƙasa ya tsinke ya yi tsalle. Rigar kuwa ban daɗe da karɓo ta daga wurin tela ba, har na yi masa ƙorafin ya yi ta da faɗi. Na ce, "Kai Isiya, me kake ci a bayan idona?" Ya yi dariya, ni ma na yi. Da na ɗaga rigar in ga inda zan mayar da maɓallin, dariyar tawa ta tsaya. Cikin ya turo gaba, ya fi tudu ta hagu, ga haƙarƙari duk a waje.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, kusan duk gidan sunan da na shiga yanzu sai wata ta ja ni gefe ta ce ɗanta ma cikinsa ya kumbura, me muka yi wa namu. Maganar ba ta faɗuwa a tsaye. Gara in jera ta yadda ta zo, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba.

Muna zaune a wani ƙauye ta wajen Saulawa, a ƙasar Ikara. Maigidana, Malam, manomi ne, masara da damina, tumatir da rani. Mahaifiyarsa yayar mahaifina ce, shi ya sa har yau Gwaggo nake ce mata, kuma ɗakinta yana kallon nawa. Isiya shi ne ɗana na biyu, lokacin yana shekara bakwai, ina goyon ƙanwarsa Nana.

Makon farko tsutsar ciki muka ɗauka. Malam ya sayo magani a wani kemis. Ni tun ina sakandare ba na yarda da kwali sai na juya shi na ga ranar lalacewarsa. Na juya, na tarar an kankare wurin. Na mayar aka canzo wani, ya sha. Tsutsa ba ta fito ba, ciki bai sauka ba. Sai ga haɓo, yana zaune yana wasa jini ya riƙa ɗiga a gaban rigarsa. Tuwo loma kaɗan ya ce ya ƙoshi. Da yamma kuma ya riƙe cinyarsa ya ce ƙashin ne ke ciwo, ba naman ba.

Duk wannan Gwaggo ba ta nan, ta je biki wurin danginta a Janfalan. Ranar da ta dawo, tun ba ta sauke ƙullin kayanta ba ta hango shi.

"Zo nan mijina," ta ce. "Wa ya yi maka ciki ban sani ba? Ni ina can ina jiran kuɗin cefane, kai kana nan kana tara tumbi."

"Tuwonki ne ya tsaya mini, tsohuwar amarya," in ji shi. "Ba ki iya tuƙi ba."

Ta jawo shi tana dariya, ta sa hannu cikin rigar. Ina tsaye ina kallo. Ba ta laluba ba. Hannunta ya tafi kai tsaye ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, ya bi gefen abin har kusa da cibiya, kamar mai bin hanyar da ta saba. Ta ɗaga leɓensa ta duba dasashi. Sannan ta matsa cinyarsa daidai inda yake kuka da ita, alhali ba wanda ya gaya mata zancen cinya. Ta sake shi, ta shiga ɗaki, ta bar kayanta a tsakar gida. Can ta ɗaga murya daga ciki ta ce saifa ce, a kira Sarkin Aska.

Gwaggo ba unguwar zoma ba ce, ba ta ba da magani, ko zazzaɓi ne sai ta ce a tambayi wani. Ina ta san wannan hanyar? Daga ranar na fara sa mata ido.

Sarkin Aska shi ne tsohon wanzamin garinmu, shi ya yi wa Malam kaciya, shi ya cire wa 'ya'yana beli. Na ce wa Malam ni da asibiti muka fara zuwa. Ya ce, "Tsaga ce fa kawai, ni ma ga tawa a ciki. Ki bar tsohuwa ta yi nata, in bai yi ba mu yi namu." Da hantsi aka shimfiɗa tabarma a bayan ɗaki. Tsohon ya yi bisimilla, ya jera ƙananan tsage a kan kumburin, ya shafa baƙin gari. A ƙa'ida kafin ya wanke askarsa jinin ya tsaya. Na Isiya bai tsaya ba. Aka danna tsumma, ya jiƙe, aka sake wani. Aka kira azahar yana tsattsafowa. Gwaggo ta ce mugun jini ne ke fita, alheri ne. Amma Sarkin Aska bai ce alheri ne ba. Ya daɗe yana kallon yaron, ya kalli Gwaggo, ya naɗe zabirarsa ya fita, goron da aka ajiye masa ma bai ɗauka ba.

Washegari Isiya ya tashi fari fat, tafin hannunsa kamar an wanke da toka. Malam ya ɗora mu a babur zuwa asibitin da ya fi kusa da mu. Aka gwada sikila, aka ce ba shi da ita. Aka ga zazzaɓin cizon sauro kaɗan a jininsa, to wane yaro ne a ƙauye ba shi da shi da damina? Aka ce shi ne ya kumbura saifar, aka ba mu ƙwayoyin da zai yi watanni yana sha. Aka ɗebi jinin Malam aka ƙara masa. Ma'aikacin da ya ga tsagar ya yi mana faɗa sosai, na sunkuyar da kai na karɓa, don da gaskiyarsa.

Makonnin da suka biyo baya na 'yan dubiya ne, kowa da abin da ya zo da shi. Yayata ta Makarfi ta kira ni a waya ta ce sammu ne, in tuna wa na yi faɗa da shi. Maƙwabciyata ta ce ya tsallaka wani abu ne a hanyar rafi. Wani abokin Malam ya ce ciwon hanta ne, a ba shi rake ya yi ta sha. Na gode wa kowa, Allah ya ba su lada, wasu da ƙwai suka zo, wasu da sabulu. Amma duk wanda ya miƙo wa yaron abin ci sai na karɓa na ce zai ci anjima.

Wata rana na nemi Isiya na rasa, sai na same su a bayan rumbu, Gwaggo ta kafa masa ƙoƙo a baki. Da ta gan ni ta kife ƙoƙon ta ce ruwa ne. Bayan ta tafi na ɗaga na lasa, ɗaci har cikin kaina. Na tambayi yaron tun yaushe. Ya ce kullum, kuma ta ce kada ya gaya mini. Ban san jiƙon mene ne ba, ban san wa ya ba ta ba. Abin da na sani, matar da ta goya ni ina ƙarama tana ba ɗana abu a ɓoye, kuma ta san ciwon nan sanin da ba ta faɗi ba. Ina sallah ina neman tsari da mugun zato, ina sallamewa zaton ya dawo ya zauna inda ya tashi. Na koma kwana da Isiya a gadona, kwanonsa kuma na daina barinsa a madafi.

Ƙwayoyin ba su yi komai ba. Jinin da aka ƙara masa ya zube kamar an zuba a rariya, cikin ya kai har wandonsa ba ya ɗauruwa sai a ƙasan mara. Da muka koma, suka rubuta mana takarda zuwa babban asibiti a Zariya.

A nan Gwaggo ta tashi tsaye. "Ba inda za a kai mini miji," ta ce wa Malam. "Zariya? In ka kai shi Zariya ban yafe ba." Ban taɓa jin ta faɗi irin wannan kalma ba. Malam ya yi kwanaki yana shiga ɗakinta yana fitowa da jan ido. A ƙarshe ta yarda, da sharaɗin ƙafarta ƙafarmu, kuma ba za a kwantar da shi ba.

Mai zuwa can ya yi sammako, ya tafi da abincinsa da tabarmarsa. Layin kati daban, layin biya daban, layin gwaji daban, kowanne kuma in ka kai gaba sai a ce ka koma wancan. A bakin ƙofa akwai masu tare ka su ce za su samo maka jini ko su shigar da kai da wuri. Kada ka ba su ko sisi. Sai bayan azahar muka shiga wurin likitar yara, wata mace mai sanyin murya, Hausarta irin tamu. Ta daɗe tana taɓa cikin, ta karanta takardunmu, ta tambayi ko ni da Malam 'yan'uwa ne. Muka ce e. Sai ta juya ga Gwaggo.

"Mama, ke ce babba. A danginku an taɓa yin yaro mai irin wannan cikin? Ko cikin 'ya'yanki akwai wanda ya rasu da shi?"

Gwaggo ta ja bakin mayafinta ta rufe baki, ta kafa wa ƙasa ido.

"Babu," ta ce.

Malam ya ce shi dai bai sani ba. Ya san an yi wani kafin shi wanda bai rayu ba, amma ba a taɓa gaya masa ciwon da ya kashe shi ba, a zatonsa ƙyanda ce irin ta da. Likita ta sake kallon Gwaggo, Gwaggo ba ta ɗago ba. Sai likitar ta ce to, tunda babu, abin da ya fi yawa a ƙasar nan shi ne saifar zazzaɓi, kuma tana jinkirin sauka. A ci gaba da ƙwayoyi, a ƙara masa jini, mu dawo bayan wasu makonni. Ta ce akwai wani gwajin da ake huda ƙashi a ɗebi ɓargo, amma ba ta son ta wahalar da yaro mai zubar jini sai da dalili.

A mota muna dawowa na riƙa kallon ƙeyar Gwaggo. Na san ƙarya ta yi. Na rayu da ita na san yadda take faɗin gaskiya, da ido a buɗe take faɗinta har ta ɓata maka rai.

Ba mu kai ranar komawa ba jikin ya sake faɗuwa. Isiya ya daina zuwa makaranta, daga ɗaki zuwa gindin darbejiya sai ya huta. Sai na ji Gwaggo tana aiken yaro gidan Sarkin Aska, wai ya zo da ƙarfen sakiya. Wadda ba ta sani ba, sakiya ƙarfe ne ake sa wa a wuta ya yi ja a huda kumburi da shi. Yaron da ƙaramar tsaga ta kusa ƙarar masa da jini. Malam yana gonar tumatir a fadama, wayarsa ba ta shiga. Na sa hijabi, na ɗebi ruwa a kofi, na riga kowa zuwa zaure.

Na durƙusa na gaishe da tsohon, ya amsa, muka gaisa har gajiya da iyali. Na ga bai zo da zabira ba.

"Baba," na ce, "don girman Allah kada ka sa wa yaron nan wuta."

"Kin ga na zo da wuta?" in ji shi. Ya sha ruwan ya ajiye kofin. "Zuwa na yi in ba ta haƙuri. Tun ranar tsagar nan ban yi barci mai daɗi ba, 'yata. Jinin nan na taɓa ganinsa, a gidan nan, a bayan wancan ɗakin. Babana ne ya yi tsagar, ni ina saurayi na riƙe ƙafafun yaron. Ciki iri ɗaya, har tudun hagun."

"Wane yaro?"

Ya dube ni kamar na tambayi abin da kowa ya sani. "Na farinta mana. Yayan mijinki. Aka sa ranar sakiya, kafin ranar ta zo marigayi mijinta ya ɗauke shi ya kai Zariya. A kafaɗa aka fita da shi, a naɗe aka dawo da shi. Ita har yau gani take da an bari an ƙarasa aikin gida da ya tashi. Ni kuwa na riƙe ƙafar, na ga jinin. Da an sa ƙarfen nan ko la'asar ba zai kai ba."

Na ce to me ya hana ta gaya wa likita.

"Ɗan fari? A gaban surukarta da ɗanta da baƙuwar fuska? Ke 'yar boko ce. Matan Janfalan na zamaninsu, ko yana raye ba ta kama sunansa, ba ta ce nata ne ba, in yana kuka a gaban mutane sai wata ta ɗauka. Ranar da aka binne shi tana daka, don kada a ce ta yi rashin kunya. Shekarun nan duka ban ji ta ambace shi ba, kuma ba wanda ya isa ya ambata mata."

Na san kunyar ɗan fari, ni ma ba na kiran sunan babbar 'yata a gaban manya. Amma ban san tana bin mutum har ɗakin likita ba.

Sarkin Aska ya shiga ya ba ta haƙuri ya tafi. Na bari sai da ta yi la'asar, na shiga ɗakinta da Nana a baya, na zauna a ƙasa kusa da ƙofa. Ban kalle ta ba, don na san in na kalle ta ba za ta iya ba.

"Gwaggo, likitar nan ta ce in da an taɓa yin mai irin cikin, akwai gwajin da za ta yi. In ba a taɓa ba, ƙwayoyin nan za mu yi ta ba shi."

Ta ci gaba da jan carbinta.

"Ba sai an ce ɗan wane ne ba," na ce. "Wani yaro ne kawai, a gidan da kika sani."

Ta ajiye carbin. Sannan ta ce, "Jiƙon da kike bi kina lasa, saiwar marke ce da sabara. Ba guba nake ba jikana ba, Dije."

Na ce Allah ya huci zuciyarta. Ta ce in fita in dafa wa yaro kunu.

Da asuba na fito na same ta zaune a tsakar gida da mayafinta da takalminta.

Da muka shiga wurin likitar, Gwaggo ta ce wa Malam ya jira a waje. Ta juya kujerarta ta fuskanci bango, ta ba mu baya.

"Akwai wani yaro," ta ce.

Likitar ta buɗe baki, na girgiza mata kai. Allah ya yi mata albarka, ta gane. Ta ajiye bironta.

"To Mama. Wannan yaron, yana shekara nawa cikin ya fara?"

"Ya fara famfarar haƙoran gaba."

"Mahaifiyarsa ta lura ko yana haɓo?"

"Ta lura."

"Ƙashi fa?"

"Cinya. Ta dama ta fi. Uwar takan ɗora masa tsumma mai ɗumi in mutane sun watse." Ta ƙara da cewa, "Ba ya cin tuwo sai an yi masa ruwa-ruwa. Yana son mazarƙwaila."

"Iyayensa 'yan'uwa ne?"

"'Ya'yan wa da ƙani."

"Allah ya jiƙansa, Mama."

"Amin," in ji Gwaggo, ga bangon.

A makon aka huda ƙashin ƙugun Isiya aka ɗebi ɓargo. Kukan da ya yi ba zan rubuta shi ba. Aka kuma ɗiga jininsa a wata 'yar takarda aka ce za a aika ƙasar waje. Ni dai har zuciyata na ce ko gwaji suke koyo a kan ɗan talaka, don ɗalibai sun cika ɗakin, kowa yana so ya taɓa cikin. Na tambayi likitar haka ƙiri-ƙiri. Ba ta ji haushi ba, ta ce suna taɓawa ne don in sun gamu da wani a ƙauye su gane shi da wuri. Na yarda rabi.

Sakamakon ya ɗauki makonni. Ranar da ya zo ta zaunar da mu duka, har Gwaggo. Ta ce sunan cutar Goshe, kuma ba kasafai ake ganinta ba. Bayanin da ta yi ya zauna mini, zan faɗe shi yadda na riƙe.

Ta ce jikin mutum an gina shi ne da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, su ne ƙwayoyin halitta. Kowane ɗaki da bangonsa, bangon kuwa da wani irin maiƙo Allah ya yi shi. Ta tambaye ni ko muna yaɓe a gida. Na ce duk shekara kafin ruwa ya sauka. Ta ce in an kankare tsohon yaɓe ina yake zuwa? Na ce a farfasa a sake kwaɓawa, saura a kwashe a kai gona. Ta ce haka jiki yake yi kullum. Ƙwayoyin jini suna tsufa, a rushe su a cikin saifa, a farfasa bangon nasu a sake gini da shi. Masu farfasawar su ake kira enzayim. Kowane irin maiƙo da nasa ma'aikacin, su ne ke lura kada ya yi yawa kada ya yi kaɗan. Isiya an haife shi ɗaya daga cikin ma'aikatan nan ba shi da ƙarfi. Ana ta kankara, ba mai farfasawa. Tarkacen ya taru a saifa da hanta da ɓargo. Saifar da ta kumbura sai ta koma tana tsare lafiyayyen jini, har da ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare. Shi ya sa tsaga ta ƙi tsayawa.

Malam ya ce to a hana shi mai da ƙuli-ƙuli ke nan. Ta ce ko kaɗan, wannan maiƙon ba daga tukunya yake zuwa ba, jiki ne ke yin abinsa, a ba shi duk abin da zai iya ci. Ta ce kuma ba sammu ba ne, ba a ɗauka, gado ne, sai uwa da uba duka suna ɗauke da shi a ɓoye yake fitowa, kuma ba a kowane ɗa ba.

"Ni na haɗa su," in ji Gwaggo.

"Ba ki da ido a cikin jini, Mama," in ji likitar.

Maganin gaskiya, ta ce, shi ne a riƙa ƙara masa enzayim ɗin ta jijiya duk bayan mako biyu, har iyakar rayuwa, kuma daga waje ake kawo shi. Da ta faɗi kuɗinsa Malam ya yi wata dariya marar daɗi. Ta ce ta rubuta wa masu ba da shi sadaka, amma layin da tsawo. Har yau muna jira. Duk wanda ya kira ni ya ce shi wakilinsu ne in turo kuɗin fom, kashe wayata nake, kuma an kira.

Abin da ke gabanmu a lokacin shi ne saifar tana shanye jini fiye da yadda ake iya ƙarawa. Likitoci suka ce a cire ta. Ba su ɓoye mana ba: ba warkewa ba ce, tarkacen zai ci gaba da taruwa a hanta da ƙashi, kuma yaron da ba saifa ƙaramin zazzaɓi na iya kayar da shi. Amma in an bar ta ba zai ga wata damina ba. Aka miƙo wa Malam takardar sa hannu. Ya riƙe biro, ya juya yana kallon mahaifiyarsa. A garin nan aka naɗe mata ɗanta na fari.

"Wancan ba a san sunan ciwonsa ba," ta ce. "Wannan an sani. Sa hannu."

Masarar da muka ajiye sai ta yi tsada, a arha ta tafi. Keken ɗinkina ya tafi. Gwaggo ta aika Janfalan aka sayar da saniyarta da ke cikin garken ƙannenta, ba ta gaya wa kowa ba sai da kuɗin suka iso a ƙulle cikin ɗankwali. Samarin garinmu suka cika mota suka zo ba da jini, wasunsu ko gaisawa ba mu cika yi ba. Wata mata daga Nasarawan Doya da ke jinyar 'yarta a gadon kusa da namu ta riƙa goya mini Nana in na tafi layin magani. Allah ya saka wa kowa. Wanda kuma ya sace mana butar ruwan zafi a baranda, shi ma na bar shi da Allah.

Ranar tiyata ni da Gwaggo muka zauna a tabarma ɗaya a ƙofar ɗakin. Ba ta yi carbi ba, ta dai riƙe gefen hijabina kamar yarinya a kasuwa. Da aka turo shi yana numfashi, ta sake ni ta tashi ta tafi bayan ginin. Ban bi ta ba. Da ta dawo fuskarta a wanke, ta leƙa gadon ta ce, "Malalacin miji, kowa na aiki kana kwance."

Yanzu Isiya ya koma makaranta. Yana cin tuwo har ya nemi ƙari, haɓon ya ragu ƙwarai. Yana shan maganinsa kullum, an yi masa alluran rigakafi, ba ya kwana sai cikin gidan sauro, kuma jikinsa na yin ɗumi muke kama hanya, ba ma jiran gobe. Cinyar tana tashi lokaci-lokaci, ranar sai a goye. Ban ce ya warke ba. Na ce yana nan, alhamdu lillahi.

Ke da ɗanki ke da kumburin hagu, ba kowace saifa ce irin tamu ba, yawanci ta zazzaɓi ce kuma tana jin magani. Amma kada a sa masa aska ko wuta kafin a gwada jininsa. In ya sha ƙwayoyi ciki bai sauka ba, ki koma, ki sake komawa, ko za a ce kin cika naci. Kafin ki je kuma, ki zauna da tsofaffin gidanku ki tambayi yaran da aka binne. Kada ki tambaya a gaban mutane, kada ki ce ɗan wa. In ta ce babu tana kallon ƙasa, ki nemi wanzamin gidan ko tsohuwar da ta yi wankan jego.

Nana ba a gwada ta ba tukuna, likita ta ce sai an sami hanyar aika jinin. Kullum in ina yi mata wanka sai na sa yatsu ƙarƙashin haƙarƙarinta na hagu na danna, ina yi kamar cuɗa nake. Ban ɗauka wani ya lura ba. Shekaranjiya da safe ina cikin yi, ta fara ƙunƙuni, sai Isiya ya ajiye kofin kununsa ya zo ya tsuguna a bakin bahon.

"Umma, ki daina danna ta, zafi take ji," ya ce. "Ni ina dubawa kullum kafin ki tashi. Nata da laushi. In ya zo zan riga ki sani, ai ni na san shi."